Ledar Motar Yaya

Baƙa ce motar, baƙa wuluk, irin wadda in ka tsaya a gefenta za ka ga har kwallin idonka. Yaya ya shigo da ita Zongon Lome wata ranar Asabar da hantsi, yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a tire, saboda titinmu jar ƙasa ce da tsakuwa, ga 'yan zem, wato 'yan acaɓa, da ke kutsawa da baburansu ta hagu da dama ba su san birki ba. Aikin fiton kaya yake yi a tashar jiragen ruwa. Ya daɗe yana fito wa mutane da motocinsu, sai a shekarar nan ya fito da tasa. Ni a lokacin ina tsaron shagon atamfar wata gwaggonmu a kasuwar Adawlato, ban yi aure ba, ina gida tare da Inna da Baba.

Ko ruwa bai sha ba ya ce in shigo in raka shi unguwar Hedzranawoe, akwai mai sa wa motoci leda. Na ɗauka baƙin gilashi yake nufi. Ashe wata leda ce garai-garai, mai ɗan kauri, da ake shimfiɗa wa jikin mota a kan fenti. Mai shagon wani ɗan ƙabilar Ewe ne mai ƙaton ciki. Muna tsaye ya fesa wa gaban motar ruwan sabulu, shi da abokin aikinsa suka ɗaga ledar suka kwantar, ya bi ta da wani faifan roba yana matse ruwan, sannan ya bi gefe-gefe da na'ura mai hura iska mai zafi. Da ya gama sashe ɗaya na sunkuya ina neman ledar, ban gan ta ba. Ya yi wa Yaya bayani da Faransanci, yana cakuɗa yaren Mina: tsakuwa, yashi, kashin tsuntsu, kan babur, duk ledar ce za ta sha. Ƙaramin karce kuwa, in rana ta buga shi ko aka zuba masa ruwan zafi, da kansa yake rufewa. Ya ce yawancin mutane gaba kawai suke sa wa. Yaya ya ce shi duka yake so, har rufi.

Sai da motar ta yi kwanaki a can. Kwanakin nan Yaya ya yi su yana shirya mata makwanci.

Gidanmu yana da rumfar kwano daga shiga get, ɗakin Baba kuma yana jikinta. A rumfar nan Baba ya karantar da rabin unguwarmu. Daga ƙasar Sakkwato ya zo yana saurayi, kuma har ya tsufa Hausarsa ba ta gauraya da komai ba. Malami ne na gaske, amma hannunsa da nauyi. Duk cikin masu karatu babu wanda ya sha wuya kamar Yaya, don shi ɗan malam ne, ba a yarda ya yi kuskure ba. In ya kasa baƙi, Baba kan kama yatsansa ya danna a kan allo, ya yi ta gogawa yana cewa “Maimaita,” sauran suna kallo. Har yau manuniyar Yaya ta dama a ɗan karkace take. Da kawunmu ya matsa aka sa shi lekwal, wato makarantar boko, Baba ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa in yana sanye da kakin makaranta.

A lokacin da nake ba da labari duk wannan ya wuce. Ciwon yana ya rufe wa Baba ido, ɗalibai sun watse, Yaya ne ke riƙe da gidan. Amma Baba bai daina zama a dakalin rumfar ba. Nan tsofaffin abokansa ke samunsa bayan la'asar.

Yaya ya kira magini ya fasa dakalin, ya faɗaɗa get. Bai nemi izini ba, sanarwa ya yi, ita ma bayan guduma ta fara sauka. Baba ya leƙo daga ɗaki ya tambayi me ake fasawa.

“Wurin mota ake gyarawa, Baba. Za a sa maka kujera a tsakar gida.”

“Tsakar gida wurin mata ne.”

“To ai kai ba ganinsu za ka yi ba.”

Da motar ta dawo ta cika rumfar fam. Tsakaninta da bango babu abin da ya rage sai tazarar mutum ɗaya, shi ma in ya karkace. Ta nan Baba zai bi duk sanda zai je masallaci.

Makon farko ƙofar gidanmu ta zama majalisa. Wani makanike maƙwabcinmu ya shafa ledar ya taɓe baki, ya ce ranar Lome da iskar teku za su dafa ta, ba za a daɗe ba ta koma launin manja. Wani ya ce ai mota don hawa ake yinta, wanda ya ji tsoron karce ya sayi hoto ya rataya. Yaya bai yi musu ba. Ya zaro makulli ya ja a jikin ƙofa, kowa ya ce “Kai!” Sannan ya ƙwala mini kira in kawo butar shayin Inna da ke kan wuta. Ya tsiyaya ruwan zafin a kan zanen, muna kallo ya shafe kamar ba a taɓa yi ba. Aka yi ta kabbara. Daga ranar duk baƙon da ya zo sai an yi masa wasan nan, har Inna ta fara ɓoye butarta.

Baba yana da sanda mai bakin ƙarfe, wani maƙeri da ya yi karatu a wurinsa ne ya yi masa ita. Da ƙararta yake tafiya. Ya san amon siminti, ya san na murfin kwata, ya san inda yashi ya fara. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, tun daga ɗakinsa har masallaci, kowa a layinmu ya san Malam ne ke wucewa. Yanzu ga wani abu an girke masa a hanya wanda sandar ba ta sani ba. Yakan karkace, ya manna bayansa da bango, ya ja jiki. Wani lokaci sandar ta kan taɓa taya, wani lokaci ta taɓa abin da ba taya ba.

Wata Lahadi da safe, bayan Baba ya dawo daga asuba, aka ga zane a jikin motar, dogo, tun daga ƙofar gaba har ta baya. Matan maƙwabta sun shigo ɗiban ruwa a famfonmu, mai koko tana bakin get da bokitinta. Yaya ya fito da buroshi a baki, ya gani, ya tsaya. Ya je ya kurkure baki a natse, sannan ya nufi ɗakin Baba.

“Baba, taso.”

“Lafiya?”

“Taso ka ga aikinka.”

“Ni da gani ai mun daɗe da sallama.”

“To zo ka karanta. Ai da hannu kake karantarwa.”

Ya riƙo shi ya fito da shi, ko hula babu a kansa. Ban taɓa ganin Baba a waje ba hula ba sai ranar. Ya kai shi jikin motar, ya kama manuniyarsa ya danna a farkon zanen, ya ja ta a hankali har ƙarshe, ya dawo da ita.

“Wane baƙi ne wannan, Malam? Alif ne? Ai ya cika tsawo. Ko lam ne?”

Yaya ya ƙara danna yatsan.

“Ba ka gane ba? Maimaita.”

Ya sake jan yatsan. Famfo yana zuba, bokitin wata mata ya cika yana ambaliya, ba ta kula ba. Na ce, “Yaya, don Allah.” Ya juyo ya ce mini da Faransanci, “Il fait exprès,” wai da gangan yake yi. Baba ba ya jin Faransanci, amma ya san yaren da ake komawa in za a yi da shi.

“Sakar mini hannu,” in ji Baba. Yaya ya sake shi a nan inda yake, ya shige ciki. Baba ya tsaya tsakanin mota da bango, hannuwansa a ɗage don kada ya taɓa komai, bai san ta ina ɗakinsa yake ba. Ni na ja shi.

Da hantsi Yaya ya fitar da motar waje don a wanke. Rana ta buɗe sosai ranar. Kafin azahar na fita zubar da shara, na duba, babu zane, ko alamarsa. Yaya ma yana tsaye yana dubawa. Ya yi fito, ya ɗauki hoto da wayarsa ya tura wa abokansa. Ya ga na gani, ya ɗaga mini gira ya wuce.

Bayan magariba na kai wa Baba tuwo. Ya ce, “Uwata,” haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, “da gaske ne irin wannan fentin sai an tsallaka da motar zuwa ƙasar Gana kafin a gyara?”

“Wa ya faɗa maka?”

“Mai motar.”

Na ce masa ƙarya ne, zanen ya shafe tun da rana, ledar da aka sa haka take, zafi ke rufe ta. Ya yi murmushin da yakan yi wa yaro in ya kawo masa uzurin banza.

“Karce a jikin ƙarfe ya shafe da kansa. To madalla.”

“Wallahi, Baba. Taso in kai ka ka shafa.”

“Na shafa da safe. Ya ishe ni.”

Bai yarda da ni ba har ya bar duniya. Yaya kuwa duk sanda ya ga dama yakan tsaya a ƙofar ɗakin ya yi waya da ƙarfi, kamar yana magana da mai fenti.

Kwana kaɗan bayan haka ya ɗauki sandar Baba yana barcin rana, ya kai wa kafinta ya yanke bakin ƙarfen, ya sa aka cusa mata guntun robar taya. Sandar ta gajarce, ta kuma yi shiru. Baba ya karɓa ya jujjuya, ya buga ta a ƙasa. Babu ƙwas, sai wani dum kamar an jefar da ɗanyen kwaɓi. Ya buga a siminti, ya buga a yashi, duk amo ɗaya. Ya ce, “An kurmantar da ita.”

Duk da haka ya ci gaba da fita, har wata la'asar da ya zo bakin get, inda murfin kwata ya ɗan goce. Da sandarsa ta dā ce da ta gaya masa. Ƙafarsa ta zurma, ya kifa, leɓensa ya fashe, babbar rigarsa ta sha baƙin ruwa, a gaban mutanen da ke tafiya salla, waɗanda da yawansu shi ya koya musu alwala. Suka ɗaga shi suna sannu. Daga ranar ya koma yin salla a ɗaki.

Da liman ya aiko a tambayi lafiyarsa, Yaya ya ce ƙafa ce ta yi rauni, amma shi zai riƙa kai shi Juma'a a mota. Ya cika alkawari na ɗan lokaci. Yakan shimfiɗa tsohon tawul a kujerar baya. Yakan sa Baba ya tofar da goron bakinsa, ya buɗe tafukansa a duba. Yana riƙe da hannuwansa biyu zai sa shi ciki, don kada ya dafa ko'ina, mutane kuwa suna ganin ɗa ne ke tallafe da ubansa. A bakin masallaci yakan zagayo ya buɗe masa ƙofa. Aka yi ta cewa, “Malam, Allah ya ba ka ɗa.” Baba yakan ce, “Ya ba ni.” Bayan 'yan makonni aiki ya yi wa Yaya yawa ranar Juma'a, tawul ɗin ya koma na goge taya.

Na sami Inna a kicin na ce ta yi magana, ita kaɗai Yaya ke jin nauyi. Tana tuƙa tuwo, ba ta ɗago ba. Ba ta kama sunan Yaya saboda ɗan fari ne.

“Yayanki ya yi wa gidan nan abin da ba a taɓa yi masa ba. Ki bar shi.”

“Inna, ba ki ga abin da ya yi wa Baba ba?”

“Na gani. Na kuma ga lokacin da nake ɗaure wa yaron nan yatsa da tsumma, ina kuka ina ɓoyewa, don in aka ji ni ma a haɗa da ni. Ke ba a haife ki ba. Ke tsoho kika tarar.” Ta ɗaga muciya ta karkaɗe. “Miƙo mini kwanonsa. Abinci dai ba a hana shi ba.”

Ba da zafi ta faɗa ba. Yadda take faɗin gishiri ya ƙare, haka ta faɗa.

Ana nan sai wani ɗan zem ya kwaso gudu a kwanar layinmu ya daki ƙofar motar. Kan babur ɗin ya yage ledar, ta yi lanƙwasa kamar fatar da aka saɓule. Jama'a suka taru suna jiran Yaya ya ci kwalarsa. Mutumin ya durƙusa yana ba da haƙuri da Mina. Yaya ya ɗaga yagaggen wurin ya leƙa, ya ga fentin lafiya lau. Sai ya fashe da dariya, ya ɗaga mutumin, ya karkaɗe masa gwiwa, ya ce ba komai, ai don irin wannan ranar aka sa ta. Har ya tambaye shi ko ya ji ciwo. Washegari aka cire ledar ƙofar aka sa sabuwa. Unguwa ta yi mako tana zancen kirkin Yaya, makaniken nan ma ya sauko ya ce to, ledar dai ta yi rana.

Labarin ya kai ɗakin Baba. Da yamma Yaya yana goge gilashi a rumfa, tagar Baba a buɗe, sai muryarsa ta fito.

“Uwata, shi mai babur ɗin, an sa shi ya karanta?”

Ni ya kira, amma ba da ni yake ba. Yaya ya tsayar da hannunsa.

“Shi ai bai haife ni ba.”

Na ɗauka an gama. Sai Baba ya gyara murya, a natse, da irin muryar da yake fassara da ita.

“Ni ma a kan haka nake ta neman gafara.”

Yaya ya ninke tsumman hannunsa, ya je ya tura tagar daga waje ya rufe. Iyakar sanina wannan ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninsu. Yaya ya ci gaba da sayen magani, yana ajiyewa a kan taga. Baba ya ci gaba da sha, ba ya tambayar daga ina.

Da damina ya rasu, da rana tsaka, ina Adawlato aka kira ni. Kafin in iso an fitar da motar an kai gidan maƙwabci, an share rumfar an shimfiɗa tabarmi. Na manta tana da faɗi haka. Maza da suka je maƙabarta sun ce Yaya ya yi kuka har sai da aka riƙe shi, kuma ban ce ƙarya yake yi ba. A zaman makoki ina daga ɗakin Baba ina naɗe kayansa, na ji wani Alhaji a rumfa, bayan an shafa fatiha, ya rage murya yana tambayar Yaya ko ledar nan tana hana tsatsa, don shi ma ya yo odar mota. Yaya ya rage tasa muryar ya yi masa bayani tiryan-tiryan: ya nemi mai kyau, kada ya yarda da ta bakin titi, kada a wanke motar da wuri. Da aka tashi zaman makoki motar ta dawo wurinta.

Makaniken bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Da shekaru suka ja ledar ta fara ja-ja a kan murfin inji da rufi, jar ƙasa ta shiga gefunanta ta yi mata baƙin layi kamar dattin farce, wani wuri ta kumbura. Lokacin na yi aure, ina zuwa gida jefi-jefi. Da Yaya ya tashi sayar da motar ya mayar da ita Hedzranawoe aka ɗaye. Na ga hoton. Fentin ya fito kamar ranar da ta sauka daga jirgi. Wani mutum daga Baguida ya zo ya zagaya ta, ya ƙi yarda cewa ta yi shekarun nan a titin Zongo, ya saya ko ciniki bai ja ba. In don fenti ne, ledar ta yi duk abin da aka ce za ta yi.

Sabuwar motar da Yaya ya fito da ita ta fi waccan tsawo da faɗi, rumfar ba ta ɗauke ta ba. Ya ce ɗakin Baba ai zaman banza yake yi. Ranar da magini ya zo ina gidan. Muka kwashe littattafan a kwali, wasu gara ta riga ta taɓa su, aka tura ƙarƙashin gadon Inna. Allunan aka aika masallaci. Magini ya cire kwano, ya zo zai fara dukan bango, sai Inna ta fito daga kicin hannunta duk gari.

“Dakata,” ta ce masa. “Cire mini ƙyauren nan a hankali, kada ka fasa. Katakonsa mai kyau ne, na kicin ɗina ya ruɓe.”

Ya cire mata. Ta sa aka kafa shi a ranar, ta buɗe ta rufe ta ji ko yana ƙara, ta ce a ɗiga masa mai.